Ƙarfe da Mutumin Cikinsa

Duk inda mutane suka taru suna hira ba a rasa gardamar wane ya fi wane. Masu dawaki su kan yi ta a kan dawaki, direbobi su kan yi ta a kan motoci. To, haka kuma masu karanta labarin manyan yaƙoƙin duniya su ke da tasu gardamar wadda har yau ba ta mutu ba, watau a cikin tankokin yaƙin da aka fita da su fagen fama, wace ce ta fi. Wani ya ce ta Jamus, gama ƙarfenta ya fi kauri. Wani ya ce ta Rasha, gama ita ta kori Jamusawa har gida. Wani kuma ya ce ta Amurka, don ba ta cika lalacewa a hanya ba. Kowa sai ya kawo lissafinsa na kaurin ƙarfe da girman igwa da saurin gudu.

Amma akwai abu guda wanda ba a cika sa shi cikin lissafin nan ba, shi ne mutumin da a ke rufewa a ciki. Tanka ba ta tuƙa kanta, ba ta ɗura wa kanta harsashi. Samari ne a ciki, 'ya'yan waɗansu, huɗu ko biyar. Saboda haka tambayar da za mu duba a nan ta fi waccan nauyi. In shugaba ya ɗauki ɗan wani ya rufe shi cikin akwatin ƙarfe ya tura shi bakin wuta, wane hakki yaron nan ya ke da shi a wuyansa? Ya halatta a ƙuntata wa mutum huɗu domin a ceci ƙasa? In kuwa ya halatta, har zuwa yaushe?

Lifidin zamani

Wanda ya taɓa ganin ɗan lifida a hawan salla ya riga ya san rabin labarin tanka. An ce Sarkin Kano Kanajeji shi ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali cikin yaƙin ƙasar Hausa. Lifidi ya kan tsare doki da mahayinsa daga kibiya, amma yana da nauyi, yana da zafi, kibiyar wuta tana iya kama audugarsa, in kuwa mahayi ya faɗi, tashi ya kan yi masa wuya sai an taimake shi. Watau abin da ya tsare shi, shi ne kuma ya ɗaure shi. Tanka ma haka ta ke, sai dai ita lifidinta na ƙarfe ne, dokinta inji ne, ƙafafunta kuwa sarƙa ce mai faɗi wadda ta ke shimfiɗa wa kanta tana bi.

Asalinta a Yaƙin Duniya na Farko ne, wanda aka yi daga 1914 zuwa 1918. Sojojin ɓangarorin biyu sun haƙa ramuka sun shiga, tun daga bakin teku har iyakar ƙasar Suwizalan, sun ja waya mai ƙaya a gabansu, sun girke bindigogi masu aman harsashi. Duk wanda ya fito fili sai a kwantar da shi. A ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai, a bakin kogin Som a Faransa, Ingilishi suka rasa rayuka fiye da 19,000. To, ka ga tun farko don a rage asarar rai aka ƙago tanka. Da a ke ƙera ta a ɓoye, sai aka riƙa cewa tankin ruwa ne, don kada 'yan leƙen asiri su gane. Sunan da ya bi ta ke nan har yau.

Ranar 15 ga Satumba 1916 aka fara fita da ita. Sunanta Mark I, nauyinta wajen tan 28, gudunta bai kai mil 4 a sa'a ba, watau kamar tafiyar mutum. Mutum takwas ke ciki, huɗu daga cikinsu aikinsu tuƙi kawai, gama direba shi kaɗai ba ya iya karkata ta, sai waɗansu biyu a baya sun sauya wa kowace sarƙa giya. Inji kuwa a tsakiyar ɗakin ya ke, ba abin da ya raba shi da mutane. Zafi ya kan kai digiri 50, ya fi na tsakar ranar bazara. Hayaƙin inji da na albarushi su kan cika ciki har mutane su yi ta amai, waɗansu su suma. Ba a jin magana saboda ƙara, sai direba ya buga ƙarfe da sifana, in an waiwayo ya yi nuni da yatsu. Ba sifirin a ƙarƙashinta, saboda haka ko wane rami ta faɗa sai kawuna su gwaru da ƙarfe. Kaurin jikinta bai kai rabin inci ba, in harsashi ya doke ta a waje sai ɓarɓashin ƙarfe mai zafi ya fantsamo ciki, har aka yi wa mutanen wani abin rufe fuska mai gezar sulke. In suna son aika saƙo baya, sai su saki tattabara ta wata 'yar kafa.

Faransai kuma suka yi tasu ƙarama, Renault FT, mai mutum biyu, ita ce ta fito da tsarin da a ke bi har yanzu, watau hasumiya mai juyawa a bisa, direba a gaba, inji a baya. A cikinta shugaba da ƙafa ya ke yi wa direba magana. In ya taɓa kafaɗarsa ta dama ya yi dama, in ta hagu ya yi hagu.

Masu ƙera waɗannan na farko suna da hanzari, gama sabon abu ne, ba wanda ya san yadda zama cikinsa zai kasance. Amma sa'ad da aka shiga Yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945, an riga an sani. Ko wace ƙasa da idonta biyu ta zaɓi abin da za ta ba mutanenta da abin da za ta hana su. Bari mu duba guda uku.

Ta Rasha

Sunanta T-34. Da Jamusawa suka auka wa Rasha cikin watan Yuni 1941, suka yi karo da ita, hankalinsu ya tashi. Ƙarfen gabanta bai kai inci 2 ba, amma an jingina shi a karkace, harsashi ya kan doka ya zame. Sarƙarta mai faɗi ce, tana bin taɓo da dusar ƙanƙara inda na Jamus ke kafewa. Igwarta kuwa ta fi ta yawancin tankokin Jamus na lokacin.

Amma shiga ciki ka gani. Mutum huɗu ne, biyu a hasumiya ƙunci ƙunci. Shugaban tanka shi ne kuma mai harbi, watau in ya sa ido a saitin igwa ba ya ganin abin da ke zuwa ta gefe, in ya duba gefe igwa ta tsaya. Da fari yawancinsu ba su da wayar iska, sai ta shugaban rukuni, shi kuwa sai ya leƙo da tuta ya yi wa sauran ishara cikin ruwan harsashi. Giyarta tana da tauri, har wanda ke zaune kusa da direba ya kan kama masa su ja tare. Yawancin harsasan igwa a ƙarƙashin daɓen su ke cikin akwatuna, mai ɗuri sai ya buɗe daɓen da ya ke tsaye a kai ya ɗauko, ga kwanson harsashi masu zafi suna zuba a ƙafafunsa, ga hasumiya tana juyawa da gindin igwa wanda in ya same shi zai karya shi. Wanda ke gefen direba ba shi da ƙofa a bisa kansa, in wuta ta tashi sai ya jira direba ya fita tukuna, ko ya nemi wata 'yar ƙofa a ƙasa. Da sanyi kuma ba abin ɗumama ɗaki, ƙarfe ya kan yi sanyin da in ka taɓa da hannu tsirara zai kama fata. Kafin yaƙi ya ƙare an ƙera fiye da 50,000, an kuwa rasa fiye da 40,000.

Ta Amurka

Sunanta Sherman. Amurkawa sun san duk tankar da suka ƙera sai ta hau jirgi ta ƙetare teku, in ta lalace kuwa ba a mai da ita gida gyara. Saboda haka suka yi ta matsakaiciya, wajen tan 30, mai sauƙin gyara, kayan wannan suna shiga waccan daidai. An fara gwada ta a Alamain cikin hamadar Masar a watan Oktoba 1942. Mutum biyar ke ciki, uku a hasumiya, shugaba aikinsa dubawa da ba da umurni kaɗai, ga mai harbi, ga mai ɗuri. Ko wace tanka tana da wayar iska, mutanen ciki kuma suna jin juna ta waya a kunne. Akwai wurin motsawa, kujeru kuma masu taushi ne. An aika wa Rasha wajen 4,000 daga cikinsu, wani hafsansu mai suna Dimitiri Loza ya ba da labari cewa in aka bar ta ba mai gadi, sojan ƙasa su kan yanke rufin kujerun su ɗinka takalma.

Ita ma tana da nata aibu. Doguwa ce, a kan hango ta daga nesa. Igwarta ta fari ba ta iya huda gaban manyan tankokin Jamus sai ta zagaya ta gefe. Mafi muni kuma, ta kan kama wuta, gama a ɓangarorinta aka jera harsasai, daidai inda a ke harbinta. Mai ɗuri kuma da fari ba shi da ƙofa tasa, sai ya sunkuya ta ƙarƙashin igwa ya bi bayan shugaba da mai harbi. An ƙera wajen 49,000.

Ta Jamus

Sunanta Tiger, sunan wani naman daji ne dangin damisa. Ta fito a 1942, nauyinta ya haura tan 50, ƙarfen gabanta inci 4, igwarta tana fasa T-34 ko Sherman daga nisan mil guda ko fiye, tun su ba su kai inda nasu harsashin zai yi mata kome ba. Mutum biyar ke ciki, ɗakin da yalwa, madubin saiti mai kyau, direba kuma da sitiyari ya ke tuƙi kamar mai motar haya. A fagen fama ba tankar da ta fi ta tsare mutanenta a zamaninta.

Amma tana da tsada, tana shan mai, ƙananan gadoji ba su ɗaukarta, kafin a ɗora ta a jirgin ƙasa sai an sauya mata sarƙa. Ƙafafunta a sarƙe su ke da juna, taɓo ya kan shiga tsakani ya daskare da dare. Da yawa ba maƙiyi ne ya kashe su ba, lalacewa suka yi ko mai ya ƙare, mutanensu suka fasa su da hannunsu suka tafi a ƙasa. Duka duka wajen 1,350 aka ƙera.

To, wa ke da gaskiya?

Sarkin yaƙi zai ce amsa a fili ta ke, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Tanka 1,350 kome kyansu ba su tsayawa gaban 100,000. Zai ƙara da cewa Rashawa ba don mugunta suka ƙuntata wa samarinsu ba. Sun san aibun T-34, har sun tsara sabuwa mai yalwar hasumiya a 1941, sai yaƙi ya faɗo, aka ajiye ta. Jamusawa sun iso bakin birnin Mosko kafin shekarar ta ƙare, an kwashe masana'antu a jirgin ƙasa an kai su bayan duwatsun Ural, mata da yara suna aiki a ciki. In an tsai da ƙira wata uku don a gyara wa mutum huɗu wurin zama, garuruwa nawa za su faɗi a cikin watannin nan? Ƙasar ta rasa rayuka wajen miliyan 27, fiye da rabinsu ba soja ba ne. Wanda gidansa ke cin wuta ba ya tsayawa zaɓen guga. Wannan magana tana da ƙarfi, ni kuwa ban ga yadda mai adalci zai ture ta ba. Lalura ta gaskiya ta kan halatta a ɗora wa kaɗan wahala domin masu yawa su tsira.

Amma sarkin yaƙin nan ya bar wani abu a lissafinsa. Yana ɗaukan yalwar ɗaki da ƙofa da wayar iska kamar kayan jin daɗi ne, alhali kuwa kayan yaƙi ne. Shugaban da ba ya gani, tankarsa makauniya ce, shi ya sa Jamusawa da ƙananan tankoki suka riƙa cinye T-34 a 1941 da 1942, gama su sun riga ganinta. Ƙofa guda da aka hana, ita ce tsakanin mutum ya fito ko ya ƙone, wanda ya fito kuwa gobe zai shiga wata tankar da wayon da ya samu jiya. Masana'anta ta kan fid da tanka cikin 'yan kwanaki, amma uwa sai ta yi shekara ashirin kafin ta fid da wanda zai tuƙa ta. Ashe ko da lissafin riba da hasara za a bi, in an yi shi daidai, mutum ya fi ƙarfe tsada.

Sai dai a nan akwai wani rami da ya kamata mu kauce masa. In mun ce wanda ya fi tsare mutanen tankarsa shi ya fi sanin darajar ɗan Adam, to, mun ba Hitila gaskiya ke nan, gama tasa ta fi kauri. Alhali gwamnatin da ta kewaye mutum biyar da ƙarfe inci 4, ita ce ta kamo miliyoyin mutane daga ƙasashen da ta ci ta sa su aikin tilas cikin masana'antunta da yunwa da duka, ita ce kuma ta aika tankokin su ƙone garuruwan da ba su tsokane ta ba. Da ƙarshe ya zo, daga 1944, sai ta tara yara da tsofaffi ta ba su makamin kafaɗa ta ce su tare tankoki, ba ko kwalkwali ga waɗansunsu. Nan aka gane ba mutumin ta ke tattali ba, makamin ta ke tattali. Wanda ya ga darajar nasa kaɗai, ranar da ya matsu nasan ma zai sayar.

Saboda haka kaurin ƙarfe ba shi ne ma'auni ba, taushin kujera ma ba shi ba ne. A ganina ma'aunin abu uku ne. Na fari, lalurar ta zama ta gaskiya, ba wadda shugaba ya jawo da kwaɗayinsa ba. Na biyu, ya san abin da ya ɗora wa mutane, ya saurari waɗanda suka dawo, gama mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo. Na uku, da zarar ya sami sarari ya gyara, kada hanzarin jiya ya zama al'adar gobe.

In mun auna da wannan, za mu ga inda aka biya hakki. Amurkawa da suka bincika suka gane harsasai ke jawo gobara, sai suka sauko da su ƙasa suka kewaye su da ruwa, daga 1944. Binciken sojansu ya nuna a dā cikin tanka 10 da aka huda 6 zuwa 8 ke kamawa, bayan gyara kuwa 1 ko 2. Suka kuma huda wa mai ɗuri ƙofarsa. Rashawa da numfashinsu ya dawo, suka sa wa shugaba wurin leƙe a 1943, suka yawaita wayar iska, a 1944 kuma suka fito da T-34 mai babbar hasumiya ta mutum uku. Wanda zai zarge su, sai ya zarge su a kan jinkiri da yadda manyansu suka riƙa tura tankoki gaba ba tattali, ba a kan zaɓin 1941 ba. Ingilishi kuwa da suka lura a kan kashe mutanensu da yawa sa'ad da suka fito waje dafa abinci, sai suka sa tukunyar lantarki cikin tankarsu Centurion, wadda ta fito a ƙarshen yaƙi. Abin ya yi kama da wasa, amma rayuka ya tsare.

Akwai kuma mutum guda da ya kamata a tuna. Mika'il Koshkin, babban injiniyan da ya tsara T-34, bai zauna a ofis ya aika waɗansu ba. Cikin watan Maris 1940 shi da kansa ya bi tankokin gwaji biyu daga Harkof har Mosko cikin ƙanƙara. Sanyin tafiyar ya kama huhunsa, ya rasu a watan Satumba na shekarar yana da shekara 41. Kome a ka ce game da ƙuncin tankarsa, ya ɗanɗana abin da ya dafa.

Su kuwa samarin da ke ciki, ba su aka tambaya ba, abin da aka ba su suka shiga. Direba ba ya ganin kome sai ta 'yar tsaga, mai ɗuri ba ya ganin ko wanda a ke harbi, duk sun dogara ga shugaba, shi kuwa don ya gani sosai sai ya fid da kansa waje, shi ya sa harbi ya fi samun shugabanni. In sarƙa ta tsinke, tilas wani ya buɗe ƙofa ya sauka ya gyara a bainar maƙiyi. Ƙarfe bai mai da kowa jarumi ba, sai dai ya tara mutum biyar wuri ɗaya ya ɗaure ransu da igiya guda.

Yau tankokin nan suna gidajen ajiye kayan tarihi. A Bobintan cikin Ingila akwai Mark I guda da ta rage, akwai kuma wata Tiger da aka kama a Tunisiya a 1943 wadda har yanzu a kan tayar da injinta. Masu kallo su kan tsaya gaban igwa suna mamakin tsawonta. Da ni ne, ƙofofin zan ƙirga, in ƙirga mutanen ciki, in ga ko sun zo daidai.

Maganar kuwa ba ta tsaya ga masu yaƙi ba. Mai mota da ya san birkinta ya mutu ya ce wa direba a lallaɓa a kai kasuwa tukuna, da mai ginin da ya hau da magini bisa ruɓaɓɓen tsani, duk tambaya ɗaya ke jiransu. Lalurar ta gaskiya ce? Ka saurari wanda ke ciki? Da ka sami hali ka gyara? In an sake yin gardamar wace tanka ta fi a gabanka, ka ce a fara tambayar wanda ya fito daga cikinta tana cin wuta, sa'an nan a tuna da wanda bai sami ƙofa ba.